Haɗa Uwar Garke ta Gida da Gano Matsalolinta a Yanayin Ƙasar Haɗeja

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 2001, lokacin da wayar salula ta shigo Nijeriya gadan-gadan, aikin malamin Hausa ya fara sauya kama. A da, ɗalibin da aka tura ƙauye neman tatsuniyoyi ko waƙoƙin masunta yakan tafi da rikoda da kaset, ya dawo ya juye abin da ya naɗo a takarda. A yau wayar da ke aljihunsa ita ce rikodarsa, ita ce kuma ma'ajiyarsa. Wannan sauƙi ya zo da tasa matsalar, domin ranar da wayar ta faɗa ruwa ko aka sace ta, muryar tsohuwar da aka naɗa ta tafi ke nan, wataƙila ma ita tsohuwar ta riga ta kwanta dama.

Wannan babi zai yi bayani a kan wata hanya ta magance irin wannan asara, wato tanadar uwar garke a gida ko a makaranta. Za a bayyana ma'anarta da sassanta da yadda ake haɗa ta, sannan a bi matsalolin da takan gamu da su ɗaya bayan ɗaya. An ɗauki ƙasar Haɗeja a matsayin misali, saboda yanayinta ya haɗa zafi da ƙura da ambaliya da ƙarancin wutar lantarki, waɗanda su ne manyan abokan gabar kowace na'ura.

2.0 Ma'anar Uwar Garke

Uwar garke kwamfuta ce da aka keɓe domin ta riƙa yi wa wasu kwamfutoci da wayoyi hidima ta hanyar sadarwa. Ita ce ke ajiye fayiloli, ita ce kuma ke miƙa su ga duk na'urar da ta nema, matuƙar an ba ta izini. Ba a zama a gabanta ana buga rubutu kamar sauran kwamfutoci; sau da yawa ma ba ta da sikirin ko madannai. Akan ajiye ta a lungu guda, a bar ta a kunne dare da rana.

Mafi yawan ɗaliban kwalejojin ilimi sun taɓa cin moriyar uwar garke ko da ba su gan ta ba. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, kuma a kowace cibiyar jarrabawa akwai uwar garke da ke rarraba tambayoyi ga kwamfutocin da ke cikin zauren, ta kuma tattara amsoshi. Uwar garke ta gida ƙaramar 'yar'uwar waccan ce, aikinsu iri ɗaya ne, girma ne kawai ya bambanta su.

2.1 Keɓaɓɓun Kalmomi

Hausa takan samar wa baƙon abu suna ta hanyoyi uku: aro da faɗaɗa ma'ana da ƙirƙira. Dukkan ukun sun bayyana a wannan fage. Kalmomin kwamfuta da intanet da batir da inbata da furosesa na aro ne, an kwaskware su sun dace da tsarin gaɓar Hausa. Kalmar faifai kuwa asalinta abin rufe ƙwarya ne, aka faɗaɗa ta zuwa faifan garmaho, yanzu kuma ta kai ga abin da kwamfuta ke ajiye bayanai a cikinsa. Haka ma manhaja, wadda malamai suka sani da tsarin darussa, ta ɗauki ma'anar umarnin da ke tafiyar da kwamfuta.

Uwar garke da uwar allo harɗaɗɗun sunaye ne da aka ƙirƙira bisa tsarin da ya samar da uwar gida da uwar ɗaki, inda kalmar uwa ke nuna abin da wasu suka dogara a kansa. Uwar allo ita ce babban farantin da dukkan sassan kwamfuta ke maƙale a jikinsa, wanda masu gyara a kasuwa ke kira bod. Ya kamata malami ya san kalmar aji, ya kuma san kalmar kasuwa, domin idan ya je sayayya da ta biyun za a fahimce shi.

3.0 Dalilin Buƙatarta a Ƙasar Haɗeja

Garin Haɗeja yana cikin Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Kano a 1991. Kogin Haɗeja ya samo ruwansa daga kogunan Kano da Challawa, waɗanda aka datse da madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Daga Haɗeja ruwan yakan bazu cikin fadamun da suka miƙa har Nguru, kafin ya haɗu da na Jama'are ya nufi Tafkin Chadi. Wannan fadama ita ce ta raya noman shinkafa da su da kiwo, ita ce kuma ta haifar da ɗimbin kalmomi da kirari da waƙoƙin aiki waɗanda ba a cika samun su a ƙamus ba.

Tarihin yankin ya nuna abin da kan faru idan ba a adana harshe ba. Harsunan Auyo da Shira da Teshena, waɗanda masana suka sanya cikin dangin harshen Bade, duk sun mutu, masu su sun koma Hausa, abin da ya saura kuwa bai taka kara ya karya ba. Saboda haka duk muryar da ɗalibi ya naɗo daga bakin tsoho a Auyo ko Guri ko Kiri Kasamma dukiya ce. Ga shi kuma ambaliyar 2020 da ta 2022 sun nuna cewa takarda da kaset ba su da tabbas a wannan yanki, ban da ɓarnar gara da ɓera.

Dalili na biyu shi ne tsadar data da raunin sadarwa a ƙauyuka. Uwar garke ta gida ba ta buƙatar intanet kafin ta yi aiki. Da zarar an zuba mata littattafai da darussa, ɗalibai talatin ko arba'in za su iya karantawa ta wayoyinsu a lokaci guda ba tare da sayen data ba.

4.0 Uwar Allo ta Kwamfutar Manyan Ayyuka

Kowace kwamfuta tana iya zama uwar garke, amma ba kowacce ce za ta jure aikin shekara da shekaru ba tare da hutu ba. Akwai wani rukuni na kwamfutoci da aka ƙera domin injiniyoyi da masu zanen gine-gine da masu tace fina-finai, waɗanda za a kira kwamfutocin manyan ayyuka a wannan babi. Misalansu su ne jerin Z na kamfanin HP da Precision na Dell da ThinkStation na Lenovo. Akwai kuma kamfanoni irin su Supermicro da ASUS da ke sayar da uwar allo ita kaɗai, mai saye ya haɗa sauran da kansa.

Irin wannan uwar allo ta bambanta da ta kwamfutar ofis ta fuskoki huɗu. Na farko, takan ɗauki furosesa mai ƙarfi irin Xeon, wanda aka yi shi domin dogon aiki. Na biyu, tana amfani da ram mai gyara kuskure, wanda ake rubuta ECC a jikinsa. Shi ram wuri ne da kwamfuta ke ɗora abin da take aiki a kansa na ɗan lokaci, kuma jefi-jefi wani ɗigo na bayani yakan juye a cikinsa. Ram na yau da kullum ba ya lura, sai gurɓataccen bayanin ya wuce cikin faifai. Mai ECC kuwa yakan gano kuskuren ɗigo guda ya gyara shi nan take. Na uku, tana da ramuka masu yawa na ƙara ram da faifai da katuna. Na huɗu, wasu daga cikinsu suna da wata ƙaramar na'ura a jikinsu mai suna IPMI, wadda ke ba da damar kunna kwamfutar da duba lafiyarta daga nesa.

Sabuwar irin wannan na'ura ta fi ƙarfin aljihun malamin makaranta. Sai dai kamfanonin Turai da Amurka sukan sauya nasu bayan 'yan shekaru, tsofaffin su shigo kasuwannin gwanjo irin su kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas da Titin Beirut a Kano. Alal misali HP Z440, wadda ta fito a 2014, tana da ramukan ram guda 8, kuma har yanzu ƙarfinta ya ishi ƙaramar makaranta.

A nan akwai gargaɗi. Uwar allo ta HP ko Dell sau da yawa tana da nata mahaɗin wuta na daban, wanda bai dace da akwatin wutar gama-gari ba. Wanda ya sayi allon shi kaɗai saboda araha yana iya shafe watanni yana neman abin da zai kunna shi, araha kuwa ba ta ado. Mafi alheri shi ne a sayi irin waɗannan a haɗe da akwatinsu, a kuma sa mai sayarwa ya kunna a gaban mai saye.

5.0 Matakan Haɗawa

Kafin a taɓa komai, a cire wayar wuta daga bango, sannan mai aikin ya dafa ƙarfen akwatin domin ya sauke wutar da ke jikinsa. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai a lokacin hunturu, domin busasshiyar iska takan tara wa jiki irin wutar nan da ke yin tartsatsi idan an cire rigar sanyi, ita kuwa tana iya kashe ram ko furosesa ba tare da an ga alama ba.

Mataki na farko shi ne ɗora furosesa. A kusurwarsa akwai alamar ɗan dala da za a daidaita da irinta a mazauninsa. A irin waɗannan alluna, siraran allurai sama da dubu biyu suna cikin mazaunin, kuma lanƙwashewar guda ɗaya tana iya hana na'urar tashi. Saboda haka ajiye furosesa ake yi a hankali, ba a danna shi. Daga nan a ɗiga man sanyaya kamar ƙwayar wake a bayansa, a ɗora masanyayi, a ɗaure kusoshinsa kusurwa da kusurwa.

Mataki na biyu shi ne sanya ram. Ram mai ECC iri biyu ne, akwai mai rijista da marar rijista, kuma ba a gauraya su a allo guda. Haka kuma ramukan suna da tsarin da ake bi wajen cika su, wanda akan buga a jikin murfin akwatin ko a littafin allon. A danna kowane har sai maƙallansa sun rufe da kansu.

Mataki na uku shi ne wuta. Allon gama-gari yana da babban mahaɗi mai ƙafa 24, da wani mai ƙafa 8 kusa da furosesa. Mantawa da na biyun yana cikin kurakuran da sababbin shiga suka fi yi. Mataki na huɗu shi ne katin hoto, domin furosesa irin Xeon E5 ba shi da sashen nuna hoto a cikinsa. Idan allon ma ba shi da shi, dole a sa kati ko da ƙarami ne.

Mataki na ƙarshe shi ne faifai. Ya fi kyau a ware ƙaramin faifai irin SSD domin manhajar da ke tafiyar da na'urar, a kuma sa manyan faifai biyu masu girma ɗaya domin ajiya. Wajen ƙiyasta girman, a tuna cewa murya mai ingancin faifan CD da ba a matse ta ba tana cin kimanin megabayit 10 a minti guda. Ke nan faifai mai terabayit 1 zai ɗauki kimanin awa 1,500 na irin wannan murya. Bidiyo kuwa ya fi haka ci nesa ba kusa ba.

6.0 Wuta da Zafi da Ƙura da Ruwa

Kamfanin KEDCO ne ke rarraba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa tun bayan sayar da kamfanonin lantarki a 2013. Duk wanda zai ajiye uwar garke a wannan yanki dole ya yi tanadin ɗaukewar wuta da hawa da saukarta. Ɗaukewar wuta bagatatan a lokacin da faifai ke rubutu tana iya lalata fayil, wani lokaci ma ta rikita tsarin faifan baki ɗaya.

Lissafin wutar ba shi da wuya. A ƙaddara na'urar tana jan wat 100. A awa 24 za ta sha wat-awa 2,400, wato yunit 2.4 a mita, ko yunit 72 a kwana 30. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a lissafi, sai dai batirin dalma ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, ita ma inbata tana cin nata rabon. Saboda haka irin wannan batir guda ɗaya zai riƙe na'urar kimanin awa 10 ne kawai. Idan da sola za a dogara, aka kuma ƙaddara awa 5 na rana mai ƙarfi, ana buƙatar faranti mai wat 480 a lissafi, a aikace kuwa sai an ƙara saboda ƙura da hazo. Wannan lissafi yana nuna cewa makarantar da ba ta da halin batura da yawa gara ta tsara wa na'urar lokutan aiki, a kashe ta da dare ta hanyar da ta dace. A kuma zaɓi inbata mai fitar da tatacciyar wuta, domin akwatin wutar waɗannan kwamfutoci ba ya jituwa da wutar ƙananan inbatoci masu araha.

A watannin Afrilu da Mayu zafin Haɗeja yakan haura digiri 40. Ɗaki mai rufin kwano marar silin ya fi waje zafi da tsakar rana. Faifai masu juyawa an ƙayyade musu iyakar zafi, akasari digiri 60 ko ƙasa da haka, kuma batirin dalma yana saurin mutuwa a wuri mai zafi. Don haka a nemi ɗaki mai inuwa da iska, a bar tazara tsakanin bayan akwatin da bango, kada kuma a lulluɓe na'urar da zane tana aiki da sunan kare ta daga ƙura.

Ƙurar hunturu takan toshe masanyayi har iska ta kasa ratsa shi. Maganinta shi ne a sa ragar tace ƙura a mashigar iska, a kuma riƙa kashe na'urar ana hure ta lokaci-lokaci, musamman daga Nuwamba zuwa Maris. Yayin hurewa a riƙe fanka da yatsa kada ta juya. Da damina kuwa, na'urar da batiranta su kasance a kan kanta mai tsayi, ba a daɓe ba. A tabbatar wayar gidan tana da mahaɗi da ƙasa, a kuma cire wayoyin da suka ratsa daga gini zuwa gini idan hadari ya taso, domin tsawa takan bi ta cikinsu.

7.0 Manhaja da Hanyar Sadarwa

Mafi yawan uwayen garke a duniya suna aiki ne da Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991. Kyauta ce, kuma tana da rassa irin su Debian da Ubuntu. Ubuntu takan fitar da sigar dogon zango a watan Afrilu na kowace shekara biyu, wadda ake kula da ita shekara 5. Wannan yana da amfani ga mai tsohuwar na'ura, domin kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin gama-gari na Windows 10 a Oktoban 2025, su kuma tsofaffin Xeon E5 ba sa cikin jerin da Windows 11 ta amince da su.

A kan Linux ake ɗora manhajojin hidima. Samba tana raba fayiloli tsakanin kwamfutoci. Kiwix tana ba da damar karanta Wikipedia, har da ta Hausa, ba tare da intanet ba. Kolibri da Moodle kuwa na tsara darussa da gwaji ne. Sai a haɗa uwar garke da rauta ta waya, ita kuma rauta ta watsa wa wayoyin ɗalibai. Wayar sadarwa kada ta wuce mita 100. A kuma ba uwar garke tsayayyen adireshi, alal misali 192.168.1.10, domin idan yana sauyawa masu nema za su riƙa ɓata.

Akwai batun da ya shafi malamin Hausa kai tsaye, wato haruffa masu lanƙwasa. A shekarun baya akan buga ƙ da ɗ da ɓ ne da keɓaɓɓun salon haruffa irin su Rabi'at, inda q da x da v ke tsaya musu. Idan aka buɗe irin wannan rubutu a na'urar da ba ta da salon, sai a ga qasa da xaya da varawo, wanda kuma ya nemi kalmar ƙasa a ma'ajiya ba zai same ta ba. Tsarin Unicode ya ba kowane ɗaya daga waɗannan haruffa lambarsa. Saboda haka a juya tsofaffin rubuce-rubuce zuwa wannan tsari kafin a zuba su.

8.0 Gano Matsala

Ƙa'idar gano matsala guda ce: a fara da abu mafi sauƙi, a sauya abu ɗaya a lokaci guda, a kuma rubuta abin da aka yi. Wanda ya sauya ram da katin hoto da akwatin wuta a tare, ko da na'urar ta tashi, bai san mai laifi ba.

Idan an danna makunni babu motsi ko kaɗan, a fara da soket da waya da makunnin da ke bayan akwatin, sannan a duba mahaɗan wuta na allo. Idan fanka ta juya ta tsaya nan take, a duba ko wata kusa ta faɗa ƙarƙashin allon tana haɗa wuta.

Idan fankoki suna juyawa amma babu hoto, kada a yi gaggawar yanke hukunci. Irin waɗannan alluna sukan ɗauki mintuna suna gwada ram a tashin farko. In an jira babu labari, a tabbatar wayar sikirin tana jikin katin hoto, a duba mahaɗin nan mai ƙafa 8, sannan a cire ram duka a bar guda ɗaya a ramin farko. Allon yakan faɗi ciwonsa ta hanyar ƙara ko ƙyaftawar fitila ko lamba, sai dai ma'anarsu ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka littafin allon ne alƙali.

Idan na'urar tana mance kwanan wata da saituna duk lokacin da wuta ta ɗauke, ɗan batirin nan mai kama da kwabo ne ya mutu. Lambarsa CR2032, ƙarfinsa bolt 3, kuma ana samun sa wurin masu gyaran agogo. Idan kuma ba ta tashi da kanta bayan wuta ta dawo, akwai saiti a cikin BIOS da ke umartar ta da yin hakan. Wasu kwamfutocin HP da Dell sukan tsaya suna jiran a danna F1 idan ba su ji wata fanka ba. Tun da uwar garke ba ta da mai zama a gabanta, sai an gyara fankar za a huta.

Idan tana mutuwa da tsakar rana fankoki suna ruri, zafi ne: a hure ƙura, a sabunta man sanyaya. Idan tana daskarewa ba tare da lokaci ba, a gwada ram da manhajar MemTest86 na tsawon dare guda. Idan faifai yana ƙwanƙwasa ko yana nawa, a karanta rahoton lafiyarsa mai suna SMART, a kuma kwashe abin da ke ciki tun kafin a fara neman dalili. Idan kuwa na'urar lafiya lau take amma wayoyi ba sa ganin ta, a duba fitilar da ke bakin wayar sadarwa, sannan a duba ko adireshin ya sauya.

9.0 Kwafin Ajiya da Amana

Ana iya haɗa faifai biyu su riƙa ɗaukar abu ɗaya a tare, tsarin da ake kira RAID 1. Idan ɗaya ya mutu, ɗayan zai ci gaba. Amma wannan bai wadatar ba, domin abin da aka goge bisa kuskure ya goge a duka biyun, ruwan da ya shiga ɗaki kuma ba zai bar ɗaya ba. Ƙa'idar da masu adana bayanai ke bi ita ce a mallaki kwafi 3, a kan ma'ajiya iri 2, a ajiye kwafi 1 a wani wuri dabam. Ga mazaunin fadama, wani wuri dabam yana nufin tudu, ko ma wani gari, kamar Gumel ko Kano. A kuma riƙa buɗe kwafin ana gwada shi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Kowace murya da aka adana ta zo da bayaninta: sunan mai magana da garinsa da shekarunsa da ranar naɗa da abin da aka tattauna. Muryar da ba ta da wannan bayani amfaninta ga mai nazari kaɗan ne. Bugu da ƙari, a nemi yardar mai magana kafin a naɗa, a kuma kulle sakamakon ɗalibai da kalmar sirri, domin Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe bayanan mutane alhakin tsare su.

10.0 Kammalawa

A wannan babi an bayyana cewa uwar garke kwamfuta ce mai yi wa wasu hidima, kuma uwar allo ta kwamfutar manyan ayyuka ta dace da ita saboda juriya da ram mai gyara kuskure. An kawo matakan haɗawa da lissafin wuta da hanyoyin gano matsala. An kuma nuna cewa a ƙasar Haɗeja tanadin wuta da inuwa da tudu yana gaba da ƙarfin furosesa, kuma kwafin da ke wani gari shi ne madogara ranar da na'urar ta gaza.

Tambayoyi

1. Kawo kalmomi biyar na fagen kwamfuta, ka bayyana hanyar da Hausa ta bi wajen samar da kowacce.
2. Mene ne bambancin uwar allo ta kwamfutar manyan ayyuka da ta kwamfutar ofis?
3. Uwar garke tana jan wat 150. Yunit nawa za ta sha a kwana 30 idan ba a kashe ta ba?
4. An kunna na'ura, fankoki suna juyawa amma babu hoto. Jera matakan bincike bi da bi.
5. Me ya sa haɗa faifai biyu bai wadatar ba ga makarantar da ke bakin Kogin Haɗeja?